Rigar Wayar Mai Kitso

Talata

Zuwa ga jikana, maigidana mai ƙona ƙarfe, can wurin aikin dam.

Na yi maka sallama, na kuma gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka, ina fata kuma tartsatsin walda bai ƙarasa cinye maka gira ba. Ni lafiyata ƙalau. Gwiwa ce kawai take ɗan yi mini tsiya in hadari ya haɗu, wannan kuwa ka san tsohon zance ne. Maƙwabciyata mai ɗinki ce take rubutawa kamar yadda aka saba, ta tsayar da keke ta ɗauki biro, ta ce a gaishe ka.

Saƙo ya iso. Direban da ke kai muku kayan abinci ya kawo mini har bakin ƙofa, Allah ya yi maka albarka. Amma fa maigida, tsakani da Allah, wannan abin da ka aiko ba rigar waya ba ce, tayar mota ce. Baƙa wuluk, ga kauri, ga nauyi. Sai da mai ɗinki ta karya farce kafin ta cusa wayar a ciki. Yanzu ta ƙi shiga aljihun da aka ɗinka mini a cikin riga, sai dai in ajiye ta a kan taga. In ta yi kuka, kafin in tashi in ɗauko in daidaita ta a hannu, ta yi shiru. In na zo bin kiran, maɓallin gefen nan da ke kawo haske ya zama dutse, in danna in danna har in gaji. Jiya wata da nake wa kitso shekara goma ta neme ni sau biyu ba ta same ni ba, da yamma na hango ta ta wuce da sabon kitso a ka. Tsagar ma a karkace.

Siririya nake so. Mara nauyi, wadda hannu zai zagaye ta. Na san wayar ba ta masu hali ba ce, kai da bakinka ka ce mai araha ka saya mini don in ta ɓace kada in yi kuka, to amma ta cikinta duk masu kitsona suke nemana.

Na san abin da za ka ce, wai sau uku ta faɗi. Man kitso ne. Wanda ya wuni hannunsa cikin mai, ko jariri aka miƙo masa sai ya yi hattara. Ke rubuta abin da na ce, daina kallona haka. Man kitso ne.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada kawunka ya ji zancen faɗuwar nan. Tun ranar da butar shayi ta kuɓuce mini a gabansa yake cewa na tsufa da zama ni kaɗai, in rufe ɗaki in koma wurinsa. Ya ce in ya ƙara jin wani abu ya faɗi daga hannuna, ba shawara zai zo yi ba. Ka san shi, taurin kan ubansa ya kwaso kaf.

Ga ɗan kitson zare na sa maka a cikin takarda kamar kullum, tunda ban iya sa hannu ba, don ka san daga bakina maganar ta fito.

Kakarka.

Asabar

Zuwa ga uwargida, tsohuwa mai ran ƙarfe.

Na amsa sallamarki, na ji daɗin jin kina lafiya. Ni ma ƙalau nake, girata kuma tana nan, sai dai rana ta mayar da ni kamar gawayi, in kin gan ni sai kin ce a sake miki miji. A gaishe da Anti mai ɗinki, Allah ya mayar mata da farcenta.

Kaka, bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Kin san ba sabis a sansaninmu, sai an hau dutsen da ke bayanmu, tafiyar awa ɗaya da rabi, hawa zalla. Ranar hutu na hau. Sau bakwai na kira ki, tana shiga ba a ɗauka. Na sauko, kwana biyu ina walda ina tunanin ko zamewa kika yi a banɗaki ba wanda ya sani. Sai ga takardarki, wai riga ce ba ta yi miki kyau ba.

Wato gayu. Shekara saba'in da 'yan kai ana neman siririyar riga irin ta 'yan makaranta. Wa kike wa kwalliya alhali ina nan da raina?

Ki saurara in gaya miki abin da ya sa na zaɓi mai kaurin. Waya in za ta faɗi, a kan kusurwa take faɗuwa, kusurwar ce ke shan duka, daga nan gilashin ya tsage. Rigar da na aiko miki ko daga kan babbar mota aka jefo ta ba abin da zai samu wayar. Sirara kuwa yawancinsu ado ne kawai. Akwai masu kyau a cikinsu, waɗanda aka ƙara wa nama a kusurwa huɗu, bakinsu kuma ya ɗan ɗago sama da gilashi yadda in ta kife ba fuskar ce za ta taɓa ƙasa ba. Amma samun irin wannan wa wayarki aiki ne. Masu shago rigunan manyan wayoyi suke tarawa, irin taki sai an tona. Wannan ma da kike zagi sai da na sha yawo. Na kuma manta sunan samfurin wayar, sai Anti ta duba jikin kwalin ta rubuto mini.

Gaskiya dai, in ba za ki iya riƙe ta da wannan rigar ba, ban san da wacce za ki iya ba. Ki riƙa goge hannu kafin ki ɗauka.

Ban gaya wa kawu komai ba. Amma ranar hutu ta sama zan sake hawa dutsen. In na kira ba ki ɗauka ba, shi zan kira ya je ya dubo ki. Ba tsoratar da ke nake ba, ba zan iya ƙara wasu kwana biyun irin waɗancan ba ne.

Mijinki na gaskiya.

Laraba

Zuwa ga jikana.

Na gaishe ka. Lafiyata ƙalau, tunda ka tambaya kamar mai tambayar tsohuwar akuya.

Sau uku na sa aka karanta mini wurin nan da ka ce ba zan iya riƙewa ba. Ashe kai ma can ka koma. Maganar kawunka ce sak, sai dai shi a tsaye ya faɗe ta, kai ka sa a takarda. Ni ce ba zan iya riƙewa ba? Da hannun nan na riƙe uwarka, da Allah ya karɓi abarsa na riƙe ka kana wata bakwai. Kan wadda nake wa kitso a cinyar dama, kai a cinyar hagu kana tsotsar yatsa, ban taɓa yar da ɗayanku ba.

Na sa an cire tayar taka. Da cokali mai ɗinki ta ɓanɓare ta. Wayar tana nan tsirara, ta koma aljihunta, ranar hutunka kuma a cinya zan ɗora ta tun safe. Kada ka kira kawunka. Ka ji na gaya maka.

Kwalin da kake tambaya, tsinken kitso da zare nake zubawa a ciki, mai ya jiƙa takardar jikinsa ta goge tas. Don haka shekaranjiya muka tafi kasuwa wurin masu kayan waya. Na miƙa wa wani mai rumfa, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Mama, wannan ai kamfanin ma ya manta ya taɓa yin ta." Na ce, "Kai ma uwarka ta manta ta koya maka magana, amma ga ka kana ciniki." Ya yi dariya ya zazzago mana buhu guda.

Ta farko fara ce garau kamar ruwa, siririya yadda nake so, amma santsi kamar sabulu a wurin wanka. Ta biyu irin mai buɗewa ce kamar littafi, sai da hannu biyu, ni kuwa in ina kitso hannu ɗaya ma aro nake. Akwai wata mai duwatsu masu ƙyalli, na ce a ajiye wa amaryar da za ka yi mini. Ɗaya ce ta kusa, ta zauna daidai, sai ga shi ta rufe idon kyamara, ramin caji kuma ya koma gefe. Ya ce zai ƙona ƙusa ya huda mini. Na ce huda kunnenka. Muka dawo hannu rabbana.

Sai mai ɗinki ta yi dabararsu ta teloli. Ta kwantar da wayar a kan takarda ta zagaye ta da fensir kamar za ta yanka hannun riga, ta sa alama wurin kyamara, da ramin caji, da maɓallan gefe. Ga takardar nan a ciki. Ka nemo mai kaushi a gefe, ba mai santsi ba. Mara nauyi. Maɓallin ya zama da an taɓa ya ji. In da hali, mai ɗan madauri a baya da mutum zai zura yatsu, na ga wata yarinya da irinta. Ba gayu ba ne, ɗan nema.

Kai ba ka san abin da ɗakin nan yake ba, don a cikinsa ka buɗe ido. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da na shigo shi, da tabarma ɗaya da 'yar kujerar nan da har yanzu nake zama a kai. Kakanka ya rasu, ba wanda ya ce mini ga wuri. Na zauna a bakin ƙofa da tsinke, kwana huɗu ba wadda ta tsaya. Rana ta biyar wata mai sayar da gawayi ta ce in tsefe mata kawai, kanta na ƙaiƙayi. Na tsefe, na wanke, na yi mata ƙanana ba ta sa ni ba. Washegari ta kawo ƙannenta biyu. Yau jikokin matar nan nake wa kitso. Duk wadda aka haifa a layin nan, na san inda gashinta yake kwanciya da inda yake gardama.

Gidan kawunka kuwa hawa na uku ne, ƙofar ƙarfe. Da safe kowa ya fice, a bar ka da talabijin. Lokacin da aka yi mini aikin ido na yi kwana tara a can, har na san yawan tayil ɗin falon. Ba mugunta yake nufi ba, na sani. Amma in na shiga gidan nan da kayana, ba a ƙafata zan fito ba.

Ga zarenka.

Kakarka.

Litinin

Jikana,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Yau kwana goma sha tara ban ji daga gare ka ba. Matar direba ta ce ruwa ya cinye hanyarku, mijinta ma ya maƙale a hanya bai dawo ba, amma akwai wata mota da za ta zagaya ta doguwar hanya, ita za ta ba wa wannan takardar.

Ranar hutunka na zauna da waya a cinya tun hantsi har rana ta faɗi. Na sallami mutum biyu. Ko banɗaki da ita na shiga. Ba ta yi kuka ba. Ta sama ma haka.

Wayar ta faɗi. Gara ka ji daga bakina. Ina fitar da ita daga aljihu ta tafi, a kan kusurwa kamar yadda ka ce, ka ji daɗi malamin duba. Gilashin ya yi gizo-gizo a gefe ɗaya amma tana aiki.

Ranar Juma'a sai ga kawunka ba sanarwa. Ina tsakiyar kan wata, na tura wayar ƙarƙashin tabarma da ƙafa. Ya zauna, ya ce a ba shi ruwa, mai ɗinki ta yi wuf ta kawo masa kafin in motsa. Ita kuma wadda nake wa kitson, bakinta ba ya rufuwa, sai cewa ta yi, "Yau dai a gama mini, Kaka, jiya da rabin kai na kwana." Kitson da nake gamawa kafin azahar. Ya dubi kan, ya dube ni. Ya miƙo mini ledar lemo na karɓa, ya tafi, bai ce uffan ba. Ka san kawunka in ya yi faɗa an huta, shirunsa ne abin tsoro.

Ka gaya mini gaskiya, kai ka kira shi? In kai ne, ka faɗa, ba zan yi maka baki ba. Ina so in san ko saura ni kaɗai ne.

Tun ranar ko mota ta tsaya a bakin layi sai gabana ya faɗi.

Akwai wata magana da nake so in... a'a, bar shi. Goge wannan. Ta ce wai biro ba ya goguwa. To a bar shi haka.

Ka aiko da rigar in ka samu. In ma ba ka samu ba ka aiko da layi biyu.

Ga zarenka.

Kakarka.

Alhamis

Kaka,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau. Anti, don Allah ki karanta mata wannan duka, kada ki tsallake ko kalma ɗaya, ko ta ce ki daina.

Ban kira kawu ba. Ban kira kowa ba. Ruwan da ya cinye hanya ya kusa tafiya da bangon da muke ginawa, aka soke hutu, kwana goma sha shida muna aiki ba wanda ya ga saman dutsen nan. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso hannuna.

Maganar da na rubuta ta riƙewa, rigar nake nufi, ba ke ba. Amma na yi kuskure wani wajen, na ce gayu ne. Ki yafe mini.

Kaka, zaren nan biyu ba ke kika kitsa su ba. Tun ina makarantar kwana nake tara su, suna nan cikin gwangwani. Ke daga ƙasa kike ɗauko zare, ki matse shi ya yi tauri kamar igiyar takalmi, bakinsa kuma ba kya ƙullawa, murzawa kike. Waɗannan daga sama aka ɗauko, an yi musu ƙullin tela, an datse da almakashi. Na koma na duba na takardar farko. Naki ne, amma sako-sako, da na ja sai ya warware.

Sai na sake karanta abin da kika ce in nemo. Mara nauyi, mai kaushi, maɓalli mai laushi, madaurin zura yatsu. Na sa safar walda mai kauri, na ɗauki wayar wani abokina mai irin rigar da na aiko miki, na gwada danna maɓallin. Ban ji komai a yatsana ba. Na daɗe zaune a kan durom.

Wane hannu ne? Tun yaushe?

Rigar tana cikin ƙunshin nan. Motar farko da ta fita na bi zuwa gari, na riƙa ɗora riguna a kan zanen Anti shago bayan shago, a na tara aka tono ta a ƙasan kwali. Siririya ce, roba mai laushi, gefenta gurza-gurza, kusurwoyin da nama, bakin ya ɗago sama da gilashi. Ramin cajin ya ɗan kauce, na gyara da reza. Robar da ke kan maɓallin na yanke ta gaba ɗaya, yanzu maɓallin kansa za ki taɓa. A baya na sa miki madauri mai faɗi, ba na yatsa biyu ba, duk tafin hannu zai shiga, ko kin saki ba za ta faɗi ba.

Amma riga ba magani ba ce. Na tambayi ma'aikacin jinyar sansaninmu, ban ce ke ce ba. Ya ce hannun da ke sakin abu yana iya zama ƙaramin abu, yana kuma iya zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki, ba a zama da shi. Ki je asibiti kafin direba ya juyo. Bakina a rufe yake wurin kawu, wannan maganarki ce, ke za ki faɗa masa ko ki bari. Amma in direba ya dawo ba labarin asibiti, zan ajiye aikin in taho da kaina. Kin kuma san in na ajiye, akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran wurin.

Na fi son ki yi fushi da ni kina motsa hannu biyu.

Jikanki.

Laraba

Zuwa ga maigidana, ɓarawon asiri.

Na gaishe ka, Allah ya tsare ku da ruwan nan. Ba zan ce lafiyata ƙalau ba, tunda an kama ni.

Na dama ne. Babban yatsa da biyun da ke biye da shi. Wata bakwai ke nan. Da farko kamar tururuwa ke yawo a ciki, in na yarfe hannun sai ya saki. Daga baya na zo ina kama gashi ban san na kama ba sai na duba da ido. Ka san abin da wannan yake ga mai kitso? Ni da nake tsaga ina hira ina kallon titi. Mai ɗinki ta sani tun tuni, na sa ta rantse. Ga ta nan tana sharar hawaye tana ɓata maka takarda.

Kada ka kuskura ka ajiye aikin nan. In ka zo, da tsintsiya zan karɓe ka. Mun je asibiti ranar Litinin.

Likitar yarinya ce, an yi mata wani kitso kamar an yi faɗa a kan. Ta sa na ɗaga hannu biyu, na yi murmushi, na taka layi. Ta ƙwanƙwasa mini wuyan hannu da yatsa, sai na ji kamar wutar lantarki har ƙarshen farce, na ce wayyo. Ta ce ba shanyewar jiki ba ce. Wai wata jijiya ce ta matse a wuyan hannun, shekarun kitso ne suka taru a wurin. Za a yi ɗan aiki a sassauta mata. Bayan aikin sai na yi makonni ban ɗauki ko buta ba, dole kuma da wani a kusa da ni. In an bari, naman gindin babban yatsan zai ƙarasa zubewa, ta nuna mini har ya fara. Na ce zan ƙara kitso? Ta ce tana sa rai, amma ba ta yi mini alkawarin irin na da ba. Na ce ko rabin na da ne ya fi wanda ke kanki. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Rigar ta zauna kamar a jikinta aka ɗinka. Ta shiga aljihu, maɓallin yana ji, in na zura hannu a madaurin har yarfewa nake ba ta motsi. Mai rumfar nan na kasuwa ya gani ya ce wa ya yi wannan aikin, na ce mijina ne, ba ya ɗaukar almajirai irinka masu huda da ƙusa.

Da ita na kira kawunka yau. Ni da kaina. Na zauna da wayar a hannu tun hantsi ina kallonta kamar maciji, mai ɗinki ta ce, "Ko in danna miki?" Na ce a'a, wannan nawa ne. Da ya ɗauka na ce, "Kai, zauna in kana tsaye." Na gaya masa duka, har butar shayin, har faɗuwar waya sau huɗu.  Sai ya ce, "Inna, na sani. Ranar da na zo, da hagu kika karɓi ledar. Ke da kika mare ni ina yaro don na karɓi abu da hagu."  Ya ce tsoro ya hana shi magana, kada in ƙara ɓoyewa.

Sai kuma halin ya motsa. Ya ce gobe zai zo da motar ɗaukar kaya a kwashe komai, a mayar wa mai gida ɗakinsa. Na ce ka zo da ƙaramar mota, jaka ɗaya gare ni. Zan zo a yi aikin, in yi jinya a gidanka, in ci abincin matarka in yaba ko bai yi daɗi ba. Amma kujerata da tabarmata suna nan inda suke. In ka zo da babbar mota, sai dai ka ɗauke ni da ɗakin gaba ɗaya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Sai goben."

To ga ni nan. Jakar tana bakin ƙofa. Na kasa cin abinci. Gobe da hantsi zan ga wadda za ta shawo kwanar layin.

Ka yi mini addu'a, ka kuma riƙa sa gilashin fuskar nan in kana aiki.

Kakarka.

Ɗana, ni ce mai ɗinki, wannan daga bakina ne ba nata ba. Direba bai tashi ba sai yau, shi ya sa na buɗe takardar na ƙara. Ƙaramar mota ce ta zo. Kawunka da kansa ya ja ƙofar ya kulle, ya daɗe a tsaye yana juya makullin a hannu, duk muna kallonsa, sannan ya miƙa mata. An sa aikin ranar Talata. Da za su tafi ta leƙo ta tagar mota ta ce duk wadda ta zo neman kitso in gaya mata tafiya ta yi, ba tashi ta yi ba.